Tsohuwar Hanyar Makka da Unguwannin Kilo: Shin Titi ne Ya Cinye Gidajen Mutane?

Shekaru sun fara ja tun da katafila ta gama aikin rusau a unguwannin Kilo 14 da Ummus Salam na Jidda a ƙarshen 2022, amma har yau ba a daina muhawara a majalisun Hausawan Jidda a kan abin da ya tashi unguwannin da ke gefen Tsohuwar Hanyar Makka ba. Ko zaman gaisuwa ne ko walimar suna, da wuya a watse ba a taɓo maganar ba. Wani zai ce titin za a faɗaɗa, shi ya sa aka kwashe gidajen. Wani zai ce ai filin na katafaren aikin gine-ginen nan na Jeddah Central ne. 'Yan uwa na gida kuwa, waɗanda hoton rusau kawai suka gani a waya, tuni suka yanke hukunci cewa Hausawa ake kora daga ƙasa mai tsarki.

Kowace daga cikin maganganun nan ta ɗauko wani yanki na gaskiya ta bar sauran a ƙasa. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: yaya aka yi titi guda ya tara dubun dubatar mutane a gefensa cikin shekara 50 ko 60, sa'an nan zamansu a wurin ya gagara? Amsar tana cikin tarihin titin kansa, da yadda yake canza farashin ƙasar da ke kewaye da shi, da kuma irin takardar da kowa yake riƙe da ita ranar da aka shafa jan fenti a bangonsa.

Wane irin titi ake magana a kai?

Masu tsara birane sun kasa tituna gida-gida. Akwai layin unguwa, wanda iyakar aikinsa ya kai mutum ƙofar gidansa. Akwai hanyar gudu, irin wadda kowa a Jidda yake kira Sari'i, wadda aka killace da shinge, ba a tsayawa a kanta, ba a kuma shigarta sai ta mashigai ƙidayayyu. A tsakanin waɗannan akwai nau'i na uku, wanda injiniyoyi suke kira shiryani da Larabci, wato jijiya, domin shi ne yake kwaso motocin unguwanni ya zuba su cikin gari da safe, ya mayar da su da dare. Tsohuwar Hanyar Makka, tun daga Bab Makka a bakin tsohon gari har ta fice gabas, irin wannan titin ce.

Abin da ke wahalar da titi irin wannan shi ne an ɗora masa ayyukan da ba sa jituwa. Mai wucewa yana son ya taka mota ba tsayawa. Mai shago yana son motar ta rage gudu, ta sami gefen fakawa, mai ita ya fito ya yi ciniki. Mazaunin unguwa kuma yana son ya tsallaka zuwa masallaci, ko ya raka yaro makaranta, ba tare da ya sayar da ransa ba. Duk gyaran da aka yi wa titin dole ya fifita wani a kan wani, kuma kusan kullum mai wucewa ake fifitawa, saboda cunkoso ana iya auna shi da agogo, wahalar tsohuwar da ke jiran tsallakawa kuwa ba ta shiga lissafi.

Wanda ya san Kano ba ya buƙatar dogon bayani, domin Titin Zariya daga Dangi zuwa Na'ibawa haka yake, hanyar Abuja zuwa Keffi ta Nyanya da Mararaba ma haka take. Har sunayen sun yi kama. Yadda aka sami Mil Tara a hanyar Katsina, haka aka sami Kilo 14 a hanyar Makka, wato wurin da ba shi da wani suna sai nisansa daga gari, har mutane suka zauna, lambar ta zama sunan unguwa.

Daga sawun raƙumi zuwa lambar kilo

Hanyar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Tsakanin Jidda da Makka tafiyar kilomita 70 da 'yan kai ce, kuma ayarin raƙuma yakan cinye ta cikin dare biyu, ya yada zango a Bahra ko Hadda, ya bi ta Shumaisi inda Hudaibiyya take, kafin ya shiga iyakar Harami. Kakanninmu da suka ratso Barno da Wadai da Darfur suka ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin, da yawansu da ƙafa suka taka wannan hanya, kuma waɗanda guzuri ya ƙare musu sun kafa bukkoki a bayan ganuwar Jidda, suna ga-ruwa da dako domin tara kuɗin komawa. Wasu sun koma, wasu kuma jikokinsu ne 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi a yau.

A zamanin Sarki Abdul'aziz aka zuba wa hanyar kwalta. A 1947 kuma aka rushe ganuwar Jidda, aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima, sai ƙaramin garin da yake tsuke cikin ganuwa ya sami sararin miƙe ƙafa. Gari yakan miƙe ne ta inda kwalta take, domin ta nan mota take bi, ta nan ake shimfiɗa bututu, ta nan ake kafa turakun wuta. Aka sami Kilo 2 da Kilo 3, aka zarce Kilo 6 da Kilo 7, kuma kafa Jami'ar Sarki Abdul'aziz a 1967 a wannan shiyya ya ƙara jawo jama'a. Da kuɗin mai ya hau a 1973 sai abin ya wuce misali. Ƙidayar 1974 ta sami mutum dubu 561 a Jidda, ta 2022 kuwa ta sami kimanin miliyan 3.7.

Wannan ɗimbin jama'a ba su jira taswirar baladiyya, wato hukumar gari, ba. Mutanen ƙauyukan kudancin Saudiyya, da 'yan Yaman, da mutanen Burma waɗanda Kilo 14 ta yi suna da su, da 'yan Chadi da Habasha da Somaliya, da namu Takari, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙari kusa da titin da zai kai shi tashar jirgin ruwa ko kasuwar Balad da ke tsohon gari. Abin da ake kira awon igiya a Kano shi ne ya faru a nan, sai dai sunansa wad'ul yadi, wato ɗora hannu a kan filin da ba kowa. Wani ya zagaye fili da bulo cikin dare, ya yanka shi, ya sayar wa na baya da takardar mubaya'a, wato ta ciniki, mai ɗauke da sa hannun shaidu biyu. Unguwannin da suka tashi ta wannan hanya su ne hukuma take kira ashwa'iyya, ma'ana waɗanda aka gina ba bisa tsari ba.

Akwai wani abu da ya ruɗi mutane da yawa, kuma ya kamata a faɗe shi. Daga baya hukuma ta amince a ja wuta zuwa gidajen da ba su da takardar mallaka, aka zuba kwalta a wasu layuka, aka gina makarantu da masallatai. Mutumin da yake biyan kuɗin wuta shekara 30 da mita a bangonsa, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka gwamnati ta san da zamansa. Ta sani kuwa, amma tun a lokacin an rubuta ƙarara cewa mita ba shaidar mallakar ƙasa ba ce.

Abin da Sari'i ta yi wa tsohuwar hanya

Tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aka buɗe sabuwar hanyar gudu tsakanin Jidda da Makka, wato Sari'i, a 1981 kuma filin jirgin sama ya tashi daga Kandara ya koma arewacin gari. Daga nan alhaji ya daina ratsa unguwannin Kilo, kuma daga nan ne ma aka laƙaba wa hanyar sunan tsohuwa. Masu hali suka bi Hanyar Madina zuwa arewa, inda aka yanka filaye bisa tsari, aka bar kudu da gabas ga masu neman na yau.

Hakan bai kashe titin ba. Da ya rasa matafiya sai ya zama kasuwa mai tsawon kilomita goma sha wani abu: garejin kanikawa, masu kayan gyaran mota, masu walda, masu katifa da kujeru, gidajen burodin tanderu, masu tsire da masa a bakin layukan da namu suka fi yawa. Ƙananan motocin Khaddul Balda suna kai da komo tsakanin Balad da Kilo a kan riyal biyu, ba su da tasha sai inda fasinja ya ɗaga hannu, har zuwa 2018 da aka dakatar da su aka kawo motocin bas na kamfanin SAPTCO. Mace mai aikatau a arewacin gari, ko mai dako a tashar ruwa, yana iya rayuwa ba tare da ya mallaki mota ba, kuma wannan shi ne babban arzikin da titin ya ba talaka.

Ta ɓangaren motoci kuwa, duk lokacin da aka ƙara layi ko aka ɗora gadar sama, sauƙin ba ya daɗewa. Dalilin ba boyayye ba ne. Idan hanya ta yi sauƙi, wanda yake fita da asuba don gudun cunkoso sai ya koma fita da hantsi, wanda yake shiga motar haya sai ya ɗauko tasa, dillali kuma ya yanka sababbin filaye can gaba yana tallata su da cewa minti 20 ne zuwa gari. Kafin a ankara layin da aka ƙara ya cika. An ga haka a Houston ta Amurka, inda aka faɗaɗa hanyar Katy a 2008 ta haura layi 20 idan aka haɗa da na gefe, amma cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Saboda haka faɗaɗa titi yana ƙara wa gari tsawo fiye da yadda yake rage wa direba lokaci.

Ranar da ruwa ya biyo titi

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1430, alhazai suna hanyar Mina, ruwan 'yan sa'o'i ya sauka a kan duwatsun gabashin Jidda. Ƙasar garin gangare ce daga duwatsu zuwa teku, kwaruruka suna saukowa daga gabas zuwa yamma, manyan tituna da gidaje kuma an gitta su a kan waɗannan kwaruruka da kwalbatocin da ba su kai girman ruwan ba. Ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya bi ta mutane. Kuwaiza da Kilo 14 da maƙwabtansu suka nutse, Tsohuwar Hanyar Makka da Hanyar Haramaini suka koma kogi, motoci suka hau kan juna, aka rasa rayuka sama da 100. Sarki Abdullahi ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya, ya kuma kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Yarima Khalid Al-Faisal.

A lokacin an yi ta ɗora laifi a kan mazauna, ana cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, domin wasu daga cikin wuraren da ruwa ya ci, a wannan karon da kuma a Janairun 2011 da ya sake dawowa, filaye ne masu cikakken izinin baladiyya, har ta kai an gurfanar da jami'ai da 'yan kasuwa a kotu. Bayan haka aka gina madatsai da manyan magudanai a gabashin gari. Zancen gyaran unguwannin ashwa'iyya ya riga ambaliyar, an daɗe ana maganar ayyukan sabunta unguwannin Khuzam da Ruwais ba tare da sun yi nisa ba, amma daga wannan Larabar ne ya zama abin da ba a iya ɗagawa har abada.

Faɗin titi da farashin ƙasa

A nan ne maganar cewa titi ne ya cinye gidajen take buƙatar gyara. Faɗaɗa titi yana cin 'yan mitoci ne a hagu da dama, layin farko na shaguna da gidaje. Rusau ɗin da ya fara a ƙarshen 2021 kuwa unguwanni sukutum ya kwashe, fiye da 30, wasunsu kamar Bani Malik ba su ma kusa da wannan hanya. Haka nan Jeddah Central, wanda aka sanar a Disambar 2021 a kan riyal biliyan 75, fili ne na murabba'in mita miliyan 5.7 a bakin teku, tsakaninsa da Kilo 14 akwai tafiya mai nisa. Haɗuwar lokaci ce ta sa mutane suka ɗaure su da igiya ɗaya.

Duk da haka titin yana da hannu, ta wata hanya dabam. Wurin da yake bayan gari a 1960 ya zama tsakiyar gari a yau, ba tare da ya motsa ba. Yanzu yana tsakanin tashar jirgin ruwa, da jami'a, da Hanyar Haramaini, da bakin Sari'i, da tashar jirgin ƙasa ta Sulaimaniyya da ta fara aiki a 2018. Dokokin gini kuma suna danganta yawan hawan bene da faɗin titin da fili yake fuskanta. Ƙasar da ke cikin lungu mai faɗin mita uku ba ta ɗaukar komai sai gida ɗaya na ƙasa, amma idan aka share ta aka sake yanka ta a bakin titi mai faɗi, tana ɗaukar dogon bene mai shaguna a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ita ce take motsa katafila a kowane babban birni, kuma tana ƙaruwa a ƙasar da ta sa wa kanta burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara zuwa 2030, waɗanda mafi yawansu ta Jidda za su sauka.

Wa aka biya, wa aka bari?

Kalmar da aka riƙa rubutawa da jan fenti a bango ita ce ikhla'i, wato a fice. Bayanta sai yanke wuta da ruwa, sai katafila. An dakata a watan azumin 2022, aka ci gaba bayan Salla bisa jadawali, unguwa bayan unguwa: Sabil da Kandara da Nuzla Yamaniyya da Karantina da Gulail suna cikin na farko, su Jami'a da Rawabi da Muntazahat da Kuwaiza suka biyo baya, aka rufe da Ummus Salam da Kilo 14.

Ƙa'idar diyya da aka sanar ta rataya ne a kan abu guda, wato sakki, takardar mallakar ƙasa ta hukuma. Mai sakki ana biyansa kuɗin ƙasa da na gini. Ɗan ƙasar da ya gina a kan filin da ba shi da sakki ana biyansa kuɗin ginin kaɗai, abin da suke kira anƙadi, kuma tsohon gidan bulo mai shekara 40 ba shi da wata daraja idan aka raba shi da ƙasar da yake kai. An kuma tanadar wa iyalai 'yan ƙasa, musamman masu karɓar tallafin gwamnati, gidajen haya kyauta na wani lokaci ko matsuguni na dindindin.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Hausawan Jidda, sai a ga ba jama'a ɗaya ba ce a idon doka. Bahaushe ɗan ƙasa mai sakki an yi masa abin da aka yi wa maƙwabcinsa Balarabe mai sakki, ba ragi ba ƙari. Mai igama kuwa, wato baƙo mai katin izinin zama, ko da a unguwar aka haifi mahaifinsa, ɗan haya ne a takarda, kuma ɗan haya ba shi da kaso a diyya. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai igamar da ya sayi gida da guminsa, amma da yake bai sami damar rubuta shi da sunansa ba, sai ya tsaya a kan mubaya'a, ko ya fake da sunan wani ɗan ƙasa bisa amana. Wani dattijo da muka yi maƙwabtaka shekaru ya nuna mini tasa takardar, a naɗe cikin leda uku, tawadar ta koɗe, shaidun duka biyu sun rasu. Ya ce, “Ɗana, wannan ita ce gidan.” Ban iya gaya masa ba a lokacin, amma gidan da takardar tare suka faɗi. Wanda ba shi da igama ko kaɗan kuwa, ko zuwa wurin rajistar waɗanda rusau ya shafa bai yi ba, domin ya san hanyar tana iya ƙarewa a gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Ƙungiyar Amnesty ta ce a 2022 rusau ɗin ya shafi mutane fiye da rabin miliyan, ta kuma yi suka a kan barin baƙi a wajen tsarin diyya da ƙarancin wa'adin da aka bayar. Saboda haka masu cewa Hausawa aka kora sun yi kuskuren suna, domin ɗan Burma da ɗan Yaman sun sha abin da muka sha. Amma ba su yi kuskuren ciwon ba. Mutanen da zamansu ya mayar da fako ya zama unguwa, ya jawo kasuwa da motar haya da makaranta, da yawansu sun fita da katifa da tukunya kawai, darajar ƙasar kuma ta tafi ga mai takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar hukuma da kukan mazauna

Hujjar da hukuma ta kafa ba ta banza ba ce, kuma duk wanda ya zauna a lungunan nan ya san haka. Akwai layukan da motar kashe gobara ko ta asibiti ba ta iya shiga, sai an ɗauko mara lafiya a bargo zuwa bakin titi. Babu magudanar ƙazanta, wayoyin wuta sun sarƙe kamar saƙar gizo, zazzaɓin dengi yana yawo, kuma wasu kusurwoyi sun zama maɓoyar masu ƙwaya da kowa yake tsoron bi bayan Magariba. Iyaye da yawa sun yi fatan fitar da 'ya'yansu daga ciki tun kafin a zo da fenti.

Mazauna ba su musa wannan ba. Kukansu a kan sauri ne da yawa. Da an bi unguwa ɗaya an gama, an tsugunar da mutanenta, sa'an nan a shiga ta gaba, da kasuwar haya ta iya haɗiye su. Da aka zubo dubban iyalai lokaci guda suna neman ɗaki, sai masu gidaje suka ɗaga farashi yadda suka ga dama, har waɗanda rusau bai taɓa ba suka ji a jikinsu. A ganina, an kuma tsallake wata hanya ta tsakiya da wasu birane suka gwada, wato a fasa tituna masu faɗi cikin unguwa, a shigar da magudana, a bar sauran gidajen a tsaye. Tana da jinkiri da ciwon kai, kuma ba ta samar da babban fili fetal da mai zuba jari yake so.

A bakin Makka

Can ɗaya ƙarshen hanyar ma labarin bai sha bamban ba, sai dai a can titin ne da kansa ya ratsa gidaje. Hanyar Sarki Abdul'aziz, wadda kamfanin Ummul Ƙura yake ginawa da sunan Masar, ta taso daga mashigar Makka ta yamma kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa ta nufi Jabal Umar, tsawon kilomita 3.65, kuma faɗinta ya haɗa da filayen otal-otal da kasuwanni a gefe da gefe. Ta bi ta kan dubban gidaje a shiyyar Hindawiyya da Tandabawi da kewayen Shari' Mansur, wuraren da duk Bahaushen da ya taɓa neman tuwo ko yaji a Makka ya san su. Filayen gefen ne suke biyan kuɗin titin, shi ya sa aka yanko shi da faɗi haka.

Kuɗin nisa

Waɗanda suka tashi ba su ɓace ba. Wasu sun haƙura sun koma Kano ko Damagaram ko Anjamena, garuruwan da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Mafi yawa sun matsa gaba ne, zuwa Harazat da Bahra da unguwannin kudu, ko sun cusa iyali biyu a gida ɗaya a cikin gari. A nan ne lissafin yake ƙara tsanani ga mai igama, domin yarjejeniyar haya sai an yi mata rajista a manhajar Ejar da katin da bai mutu ba, kuma tun 2017 yana biyan harajin iyali, wanda ya fara daga riyal 100 a wata a kan kowane mutum ya kai 400 a 2020. Litar fetur mai lamba 91 da ake saya ƙasa da rabin riyal a 2015 ta haura riyal biyu. Hayar da ta yi araha a bayan gari, mota ce take cinye ragowar.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga takarda. Mai tsire ko mai kitso jarinsa maƙwabta ne, kuma ba a ɗaukar maƙwabta a motar kaya. Makarantar allo ta watse, adashin mata ya tsinke, jana'izar da a da take cika layi yanzu sai an yi ta kiran waya kafin a haɗa sahu biyu. Sababbin motocin bas na Jidda da suka fara aiki a 2023 sun fi na da tsabta da tsari, amma tasha gare su, kuma wanda ya koma can bayan Ummus Salam sai ya nemi abin da zai kai shi tashar tukuna.

Ana ci gaba da shimfiɗa wasu hanyoyin. Sabuwar hanya ta kai tsaye daga shiyyar filin jirgin sama zuwa Makka za ta ɗauke wa Sari'i nauyin alhazai kamar yadda Sari'i ta ɗauke wa tsohuwar hanya, kuma duk inda aka buɗe mata mashiga, ƙasar wurin za ta fara tsada. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, shi ya sa waɗanda suka sha wuya a Kilo suka koyi tambayar da iyayensu ba su yi ba. Kafin su tambayi yawan ɗakuna ko kuɗin shekara, sai sun tambayi mai gida ko ginin yana da sakki, da kuma ta ina ruwa yake bi idan ya sauko daga dutse. Dillalan Bahra, tsohon zangon da ayari yake kwana, su ma sun gane inda kasuwa ta dosa, domin abu na farko da suke faɗa wa mai neman gida yanzu shi ne minti nawa ne daga ƙofar zuwa bakin Sari'i.